Noma a Cikin Gari: Ɗaki da Fitila, ko Buhu a Tsakar Gida?

Baban Khalil:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawararku a kan wani abu da ya tsaya mini a rai tun azumin da ya wuce. A wajen tafsiri malaminmu ya kai Suratu Yusuf, inda Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya fassara mafarkin sarki, ya ce a yi shuka shekara bakwai a jere, kuma abin da aka girbe a bar shi a zangarniyarsa sai ɗan kaɗan da za a ci. Na fito daga masallaci ina tunanin halin da magidanta suka shiga tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, da yadda a tsakiyar 2024 tumatir da attaruhu suka gagari talaka, har gidaje da yawa suka koma miyar kuka safe da dare. A jikin masallacin unguwarmu nan Kano akwai wani babban ɗaki da aka gina domin islamiyya, daga baya makarantar ta sami wani wuri, ɗakin ya zauna a kulle. Na ga yadda a ƙasashen waje ake noma ganye a cikin ɗaki, a jera kantoci hawa-hawa, a kunna musu fitilu, saiwar tana cikin ruwan da aka narka wa taki, babu ƙasa ko kaɗan. Mu goma sha ɗaya ne muka amince za mu haɗa kuɗi mu mayar da ɗakin nan irin wannan gona, abin da aka samu a raba wa gidajen marayu. Masu sani, ku faɗa mana gaskiya kafin mu zuba kuɗinmu.

Injiniya:
Wa alaikumus salam, Yaya. Allah ya saka muku da alheri a kan wannan niyya. Amma tunda gaskiya ka nema, shawarata ita ce kada ku sayi fitila ko guda ɗaya. Ganye yana buƙatar haske mai ƙarfi na kamar awa 14 a kullum idan ba ya ganin rana. Fitila mai wat 100, wadda da ƙyar za ta wadatar da wurin da ya kai faɗin ƙaramar tabarma, idan ta yi awa 14 a kunne za ta ci yunit 42 a wata. Tun watan Afrilun 2024 masu layin da ake kira Band A, wato wanda ya fi samun wuta, suke biyan sama da naira 200 a kan kowane yunit, ka ga fitila ɗaya tak ta haura naira 8,000 a wata, ba a sa kuɗin fanka ba, ba a sa na injin da zai juya ruwan ba, ba a kuma yi maganar zafin watan Afrilu a ɗaki mai rufin kwano ba. Wane alayyahu ne za a yanka a faɗin tabarma ya biya wannan kuɗin? Idan kuma wuta ta ɗauke kwana biyu, shukar da saiwarta ta dogara da injin ruwa ta mutu ke nan.

Ko a can inda wuta ba ta ɗaukewa abin bai yi wa masu shi daɗi ba. Kamfanin AeroFarms na Amurka, wanda gonarsa ta birnin Newark ta yi suna a duniya, ya je kotu neman kariya daga masu binsa bashi a watan Yunin 2023. Infarm na Jamus shi ma ya durƙushe a wannan shekarar, Bowery na Amurka kuma ya rufe a ƙarshen 2024. Manyan masu jari ne suka tsaya musu, amma tsadar aiki da ta wuta ta kayar da su. Mu da Allah ya ba mu rana kyauta kusan duk shekara, ban ga dalilin da zai sa mu kulle shuka a ɗaki sannan mu sayi hasken da za mu ba ta ba.

Maman Ummi:
Baban Khalil, sannu da ƙoƙari. Ni ban san lissafin wuta ba, amma shekara uku ke nan ina noma a buhu a tsakar gidana, kuma zan faɗi abin da hannuna ya yi. Buhun shinkafa ko na masara nake samu, in haɗa ƙasa mai kyau da yashi kaɗan da kashin awaki wanda ya daɗe ya ruɓe, in huda gindin buhun domin ruwa ya riƙa tsiyayewa. A tsakiya ina jera tsakuwa tun daga ƙasa har sama, ta nan nake zuba ruwa ya ratsa ko'ina. A saman buhu ina sa attaruhu ko kuɓewa, a jikinsa kuma in yanka 'yan ƙofofi in dasa alayyahu. Buhu goma sha huɗu gare ni a gefen katangar da rana take bugawa tun hantsi har la'asar, ga zogale biyu da na dasa a ƙasa kusa da wurin wanke-wanke. Alayyahu cikin sati huɗu zuwa biyar ya isa yanka, kuma idan ba a tumɓuke shi ba yana sake tohowa. Yakuwa da lalo da rama ba su da wahala ko kaɗan. Tumatir ne kawai ya ba ni kunya, sau biyu tsutsa tana cinye mini ganyensa, na haƙura da shi.

Kuskurena na farko shi ne na zuba ɗanyen kashin kaji, ya ƙone mini shuka gaba ɗaya cikin kwana uku. Wanda zai fara ya kiyaye wannan.

Tsohon Malamin Gona:
Hajiya, tsutsar da ta ci miki tumatir mai yiwuwa ita ce wadda manoma suke kira sharon, wadda a 2016 ta share gonakin tumatir a Kadawa da Kura da sassan Kaduna, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kanta. Ba gazawarki ba ce.

Ni abin da nake so matasanmu su sani shi ne noma a cikin gari ba baƙon abu ba ne da muka gano a waya. Waɗanda suka gina ganuwar Kano ba gidaje kaɗai suka kewaye ba, sun haɗa da gonaki masu faɗi a cikin badala, domin idan yaƙi ya tsare ƙofofi mutanen birni su sami abin da za su ci. Mu ne muka cinye filayen nan da gine-gine, muka cike kududdufai muka yanka filoti. Na Duƙe tsohon ciniki ne har a cikin birni.

Sai dai akwai lissafin da dole mu yi, ko da ba zai yi mana daɗi ba. Gero a gonar talaka yakan ba da kamar tan ɗaya a hekta, wani lokaci ma bai kai ba. Hekta kuwa murabba'in mita 10,000 ce, wato kowane murabba'in mita yana ba da giram 100. Idan ka ware murabba'in mita goma a tsakar gidanka, wanda ba kowa ke da shi ba, ka jira damina ta ƙare, kilo ɗaya za ka samu, ko kwano ɗaya bai cika ba. Saboda haka duk wanda ya ce maka noman buhu ko noman ɗaki zai kori yunwa daga birni mai miliyoyin mutane, bai yi maka adalci ba. Tuwo daga ƙauye zai ci gaba da zuwa, ta Dawanau. Abin da tsakar gida za ta iya ɗauka shi ne miya.

Baban Khalil:
Baba, na ji, kuma na gode, amma jikina ya yi sanyi. Idan ɗaki ba zai yiwu ba, buhu kuma miya kawai zai bayar, to ina darasin Annabi Yusuf a nan? Ni damuwata gidan da ake kwana ba a ɗora tukunya ba, ba gidan da miyarsa ta rasa ganye ba.

Alaramma:
Malam Baban Khalil, kada jikinka ya yi sanyi, domin a ganina ayar da ta tashe ka ita ce ta ba ka amsa, kai ne dai ka tsaya a rabinta na farko. Ka koma aya ta 47 ka duba da kyau. Umarni uku ne a cikinta: a yi shuka, a adana abin da aka girbe a zangarniyarsa, a kuma taƙaita ci. Mutanen Masar sun iya noma tun kafin zuwan Annabi Yusuf, ba shi ya koya musu ba. Abin da ya kawo musu shi ne tanadi da tsari. Malaman tafsiri sun bayyana cewa barin hatsi a zangarniya yana kare shi daga ƙwari da lalacewa, kuma haka kakanninmu suke zuba damman gero da dawa a rumbu ba tare da an sussuka ba, su shekara suna nan lafiya. Sannan a aya ta 55, da ya nemi aiki, cewa ya yi a ɗora shi a kan taskokin ƙasa, ya kuma ambaci siffa biyu: shi mai tsarewa ne, masani. Amana da sanin aiki ke nan.

To ga ɗaki a kulle, busasshe, a jikin masallaci. Me zai hana kuɗin da za ku kashe a fitilu ku sayi gero da masara da wake da kaka, lokacin da farashi ya faɗi, ku adana, idan damina ta yi tsakiya abinci ya yi tsada ku fitar wa mabuƙatan unguwa a kan kuɗin da kuka saya, marayu kuma a ba su kyauta?

Wannan ba ya rage darajar abin da Maman Ummi take yi. Ya tabbata a Bukhari da Muslim daga Anas cewa babu Musulmin da zai dasa itace ko ya yi shuka, mutum ko tsuntsu ko dabba su ci daga ciki, face ya zama sadaka a gare shi. Hadisin bai gindaya faɗin gona ba.

Abu Safiyya:
Allah ya gafarta Malam, ina da tsoro a nan. A farkon 2024, hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe ta jihar Kano ta rufe wasu rumbuna a yankin Dawanau bisa zargin ɓoye abinci. Idan muka tara buhuna a ɗaki muna jiran tsada, da me muka bambanta da su a idon shari'a da idon jama'a?

Alaramma:
Tambaya ce mai kyau. Ɓoyewar da aka hana ita ce mutum ya janye abinci daga kasuwa lokacin da mutane suke buƙatarsa domin farashi ya hau ya ci riba. Wanda ya saya lokacin yalwa, ya fitar lokacin ƙunci ba tare da neman riba ba, kishiyar wannan ya yi. Duk da haka tsoronka yana da amfani. A sanar da mai unguwa tun farko, a rubuta kowane buhu a littafi, a karanta lissafin a gaban jama'a bayan sallar Juma'a, kuma kada mabuɗin ya zauna a hannun mutum ɗaya.

Ɗan Maraɗi:
Gaisuwa ga dattawa. Abin da Malam ya kawo mu a Nijar mun daɗe da shi, shi ne bankin cimaka, kuma ƙauyuka da yawa sun gwada shi tun bayan farin shekarun 1970 da na 1984. Ina roƙonku ku ɗauki darasi daga inda namu suka faɗi. Galibi ba ƙwari ne suka kashe su ba, bashi ne. Mutum ya zo da kuka a watan Agusta, a ba shi tiya goma a kan zai biya da kaka, kaka ta zo bai biya ba, ɗan kwamiti kuma yana jin nauyin ya matsa wa surukinsa ko maƙwabcinsa. Shekara biyu uku sai a tarar da ɗaki wayam. Inda abin ya ɗore, sau da yawa mata ne suke riƙe da shi, kuma sun raba kason sadaka daban, kason sayarwa daban, ba sa haɗa su. Game da wake kuma, ku nemi buhun nan mai ciki uku da ake kira PICS, leda biyu a ciki da buhu a waje. Idan aka ɗaure kowace da kyau iska ba ta shiga, ƙwarin suna mutuwa da kansu, ba sai an zuba maganin da zai cuci masu ci ba.

Ɗan Wusasa:
Salama gare ku duka. Ni Kirista ne, kuma na ji daɗin wannan zance domin labarin Yusufu yana wurinmu a Littafin Farawa sura 41, inda ya ba Fir'auna shawara a karɓi kashi ɗaya cikin biyar na amfanin ƙasa a shekarun ƙoshi, a tara a birane. Abin da ya ja hankalina tun ina yaro shi ne cewa a birane aka ce a tara, kusa da masu ci. Akwai kuma wasiƙar da annabi Irmiya ya aika wa waɗanda aka kwashe zuwa Babila, a sura 29, yana ce musu su gina gidaje su zauna, su dasa lambuna su ci amfaninsu, su kuma nemi zaman lafiyar birnin da suke ciki. Baƙi ne a ƙasar da ba tasu ba, amma aka ce su yi shuka. Zumuntar mata ta cocinmu ta jera buhunan ganye a bayan ɗakin sujada, kuma maƙwabtanmu Musulmi suna cikin masu zuwa yanka. Yunwa ba ta tambayar mutum inda yake ibada, don haka idan kun fara, ina roƙo kada ku manta da wanda ba ya sallah tare da ku amma katangarku ɗaya.

Maman Ummi:
Ina neman afuwar iyayena maza, amma akwai maganar da ban yarda da ita ba, wato a ce buhu "miya kawai" yake bayarwa. Wanda bai taɓa riƙe kuɗin cefane ba shi ne zai raina miya. Hatsi maigida yakan saya a dunƙule, a kwano ko a buhu, amma kayan miya kullum ne, kuma su ne suke cinye ɗan abin da ya rage a hannun mace. Ranar da na tsinki zogale na yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli, ko na yanki alayyahu na yi fate, kuɗin da zan ba mai kayan miya ya koma sabulu ko kuɗin makarantar allo. Sannan mu da yawancinmu ba ma fita, wannan aiki ne da mace za ta yi a cikin gidanta da mutuncinta. Tun da na fara, mata huɗu a layinmu suka karɓi iri a wurina, yanzu wadda kuɓewarta ta yi yawa tana aiko mini, ni kuma in aika mata da yakuwa. Wata dattijuwa da ta rasa mijinta, wadda da ba ta ko son magana, yanzu kullum da safe tana kan buhunanta tana cire ciyawa, jikokinta na taya ta. Ban san da wane kwano za a auna wannan ba.

Anti Nas:
Ina goyon bayan Hajiya ɗari bisa ɗari, kuma daga abin da nake gani a ɗakin awon ciki nake magana. Mata da yawa suna zuwa cikinsu a ƙoshe da tuwo amma jininsu ya yi ƙasa, yara kuma ga tumbi ga rama. Ƙoshi daban, gina jiki daban. Zogale da alayyahu da rama suna ɗauke da sinadarin ƙarfe da bitamin A waɗanda tuwon masara ba shi da su da yawa, ko da yake mai ciki ba za ta bar maganin ƙarin jinin da aka rubuta mata ba don tana cin ganye.

Akwai kuma dalilin da ya fi wannan damuna. Wani ɓangare na latas da kabeji da ake sayarwa a cikin gari da ruwan Jakara ake ban-ruwansu, ruwan da ya kwaso ƙazantar kwatocin birni, a gaba kuma ya haɗu da na masana'antun Bompai. Manoman wurin neman halalinsu suke yi, ba su da wani ruwan, amma ganyen da ake ci ɗanye idan ya sha irin wannan ruwa yana iya kawo taifot da gudawa da tsutsar ciki. Wanda ya shuka nasa ya san abin da ya zuba masa. Sai dai a kula da abu uku: kada a yi shuka a buhun da aka zuba sinadari ko maganin ƙwari, kada a ɗebi ƙasa a bola ko kusa da inda ake fasa batir, kuma kada a bar ruwa ya kwanta a ƙarƙashin buhu ya zama gidan sauro.

Abu Safiyya:
Duk na gamsu, amma ni ɗan haya ne, ɗaki biyu a gidan da muke iyali biyar, tsakar gidan ko shanya ba ta isar mu. Ruwa kuma a wurin 'yan garuwa muke saya, da bazara jarka tana tsada har mutum ya riƙa lissafin wanka. Irinmu ne muka fi yawa a birni, kuma mu ne muka fi buƙata. Ina namu rabon a wannan tsari?

Injiniya:
Ɗan uwa, tambayarka ce ta sa na sake tunani, kuma ina ganin amsarta tana masallacin da Yaya ya ambata. Sau biyar a rana ɗaruruwan mutane suna alwala, ruwan yana bin kwata ya tafi a banza, alhali babu sabulu a cikinsa. Idan aka raba magudanar wurin alwala da ta banɗaki rabuwa ta sosai, aka bi da ruwan ta cikin durom mai tsakuwa da yashi da gawayi, aka tara shi a tanki mai murfi, zai shayar da buhuna masu yawa a harabar masallaci ba tare da an sayi jarka ko ɗaya ba. A riƙa zuba shi a gindin shuka, ba a kan ganye ba, kuma a fi ba da ƙarfi ga ganyen da ake dafawa. Sai a ba kowane gidan haya buhu uku ko huɗu a harabar, su kula da abinsu. Gargaɗi ɗaya: kada kowa ya hau da buhuna kan rufin kankare sai magini ya duba, domin buhun ƙasa idan ya sha ruwa yana iya fin buhun siminti nauyi.

Alaramma:
Babu laifi a shayar da shuka da ruwan alwala, ruwa ne mai tsarki matuƙar najasa ba ta haɗu da shi ba. Harabar kuwa wakafi ce, don haka a nemi izinin liman da kwamitin masallaci, kuma kada buhunan su ci wurin sahun Juma'a.

Tsohon Malamin Gona:
Ku fara da buhu ashirin, kada ku wuce haka a karon farko, kuma ku kewaye su da waya saboda awakin unguwa. Ku jiƙa dakakken ganyen darbejiya ya kwana, ku tace ku riƙa fesawa da yamma, zai rage muku ƙwari. Idan ganye ya yi yawa, ku tuna da dabarar marigayi Mohammed Bah Abba, malamin nan na Jigawa da ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000: ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, a zuba ganyen a ƙaramar, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma a ajiye a inuwa domin kada ya yi saurin lalacewa. Ragowar kuma a shanya a inuwa, kamar yadda iyayenmu mata suke yi wa kuɓewa da kuka. Zan zo da kaina in duba ƙasar da za ku zuba idan kun sa rana.

Baban Khalil:
Na karanta wa sauran mutum goman duk abin da aka rubuta, bayan sallar isha'i. Biyu daga cikinsu har yanzu suna son a gwada noman ruwa, wato wanda babu ƙasa, ko da a 'yan robobi ne a rana, ba da fitila ba, kuma mun bar musu kusurwa ɗaya su gwada da kuɗinsu. Gobe za mu je wurin liman da mai unguwa a kan maganar ɗakin da harabar. Baba, mun sa Asabar mai zuwa da ƙarfe tara na safe. Maman Ummi, ko za ki yarda matan unguwarmu su zo gidanki su ga yadda kike haɗa buhun, idan maigida ya ba da izini?

Maman Ummi:
Na tambaye shi, ya amince. Su zo ranar Lahadi bayan la'asar, amma kada su wuce su takwas a zuwa ɗaya saboda gidan ba shi da faɗi. Kowace ta taho da wankakken buhunta da tsakuwa cikin ƙaramin bokiti. Irin alayyahu da na yakuwa ina da wanda zai ishe su, na attaruhu ne sai sun nema a kasuwar 'Yankaba.